Kyamarar Yaya Taufiƙ

A cikin duk abin da ya hau moton nan, wato babur, daga Rey Bouba zuwa Garoua, kyamarar ce kaɗai ta iso lafiya. Rodrigue, wanda ke tuƙi, yana kwance a asibiti da karayar cinya. Taufiƙ, wanda ke zaune a bayansa, ko asibitin bai kai ba. Wasu baƙi suka raka kallon namun daji, a hanyar dawowa wata babbar mota ta ture su.

Da hantsi Chantal, mahaifiyar Rodrigue, mai sayar da albasa, ta shigo gidan Alhaji Mahmudu mahauci, mahaifin Taufiƙ, a unguwar Poumpoumré. Ta ratsa matan da suka cika tsakar gida suna gaisuwar rasuwa, wasu da Hausa, wasu da Fulatanci, "sey munyal, sey munyal," wato sai haƙuri, har ta samu Kausar, ƙanwar mamacin, a bayan madafa tana sake wanke kofunan da ta riga ta wanke. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro kyamarar.

"Riƙe, ma fille, 'yata. Rodrigue ya ce ke zan ba a hannu. A aljihun cikin rigar yayanki aka same ta."

"Yaya jikin nasa, Mama?"

"Ƙashi zai haɗu. Kukan ne ban san ranar da zai tsaya ba."

Kausar ta goge hannunta a hijabi ta karɓa. Abar ba ta fi tafin hannu ba, baƙa, kusurwa ɗaya ta ƙuje har farin ƙarfe ya fito. In ka gan ta a ajiye sai ka ɗauka sabulu ne. Amma da an taɓa maɓallin kunnawa sai ta zuro hanci, gaɓa bayan gaɓa, kamar kunkurun da ya ji gari ya yi shiru. Taufiƙ yakan ce tana jawo abu kusa sau talatin. Ya taɓa ɗaukar Kausar daga bakin lise, makarantarsu ta sakandare, ya kai ta kan gadar Binuwai, ya nuna mata wani baƙin abu can tsakiyar ruwa da ta rantse dutse ne. Da ya murɗa ɗan makamar zum da yatsa, sai ga dorina ta cika allon, har da tsuntsun da ke tsaye a bayanta yana tsintar abinci. Kausar, wadda ta saba ganin duniya a cikin littafi, ranar nan sai da ta kama ƙarfen gada.

Wannan hangen nesan ne kuma ya fitar da shi daga gidan ubansa.

Gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Taufiƙ ne ɗan fari, ya ƙi wuƙa ya kama hoto, Alhaji ya haɗiye wannan da kyar. Abin da ya ƙi haɗiyuwa daga baya ya zo. Alhaji mutum ne da ko 'ya'yansa ba su san tsakiyar kansa ba, don ko alwala zai yi, ɗaga hular yake kaɗan ya shafa ya mayar. Wata safiya Taufiƙ ya tsaya can ƙetaren titi, nesa da mayanka, inda ba wanda zai lura da shi, ya ɗauki babansa. A hoton hula ta faɗi, sanƙo a waje, 'yar shara jina-jina, Alhaji ya rungumi cinyar sa yana dariya baki buɗe har giɓinsa ya fito. Kausar ta ga hoton. Ba ta taɓa sanin babanta yana da irin wannan dariyar ba, kuma a ranta ta ce bai taɓa yin kyau kamar nan ba. Aka wanke hoton babba, aka rataye shi a wani baje kolin hotuna a tsakiyar gari. Yaran mahauta suka je suka ɗauke shi a waya. Kafin a ce haka, daga layin 'yan nama har zuwa kara, in Alhaji ya wuce sai a ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga Alhaji Foto nan."

Kausar tana bayan labule ranar da aka yi ta tsakanin uba da ɗa.

"Ka tsaya inda hannuna ba ya kaiwa, ka tuɓe ni a gaban gari," in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba. "To ka ji. Hannun nan ba zai sake taɓa ka ba, ko gawarka ce."

Taufiƙ ya koma ɗakin Rodrigue da zama. Aka tura manya, aka tura liman, Alhaji ya ce shi bai kori kowa ba, magana ya yi, maganar kuma tana nan.

Da labarin rasuwar ya iso, Alhaji ya yi salati. Gari na wayewa ya ɗauki wuƙaƙensa ya tafi mayanka kamar kullum. Bai ce a kawo gawa gidansa ba, bai ce kar a kawo ba. Sai Kawu Muhaimin, yayan mahaifiyarsu, ya kai ta nasa gidan. Can za a yi wanka da salla, daga can a wuce maƙabarta kafin azahar.

Inna Karimatu, mahaifiyarsu, tana zaune a kan tabarma a tsakiyar mata, idonta busasshe. Taufiƙ ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba tun yana jariri, yau ma kunyar ba ta ba ta izinin kuka ba. Duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Haƙuri ya zama dole," ta miƙa mata ruwa. Da ta ga Chantal ta fito daga bayan madafa, sai ta miƙe ta ce bari ta ɗauko ƙarin tabarma, ta yafito Kausar da ido.

A ɗaki ta saki labule. Ba ta ɗauki tabarmar ba.

"Abin nan da Maman Rodrigue ta ba ki. Shi ne mai gani daga nesa?"

"Shi ne, Inna."

"Kin iya shi?"

"Kaɗan. Yaya ya nuna mini."

Inna ta zauna a bakin gado tana murza gefen zaninta.

"Mace ba ta zuwa maƙabarta. Su kuma maza in sun dawo bakinsu ɗaya ne: an rufe lafiya, Allah ya jiƙan rai. In na tambayi kawunki, zai ce mini babanku ya je ya sa hannu, ko ya sa ko bai sa ba, don in samu in yi barci. Shi babanku ba a tambayarsa. Ni ɗin ma da wane baki zan yi tambaya a kan yaron nan?" Ta saki gefen zanin. "In ya sa hannu aka saukar da shi, to ya janye maganarsa. In bai sa ba, yayanki ya kwanta da fushin uba a kansa. Ina so in sani, Kausar. Ba na so a lallashe ni."

Kausar ta dubi mahaifiyarta. Ita da ko a aji aka kira sunanta sai muryarta ta gudu.

"Inna, in aka gan ni fa?"

"Maman Rodrigue tana da shagon ajiya a wani bene da ke kallon wurin. Ta taɓa faɗa mini. Za ta kai ki." Ta kama wuyan hannunta. "Amma kallo kawai. Kar ki danna. Dannawar nan ita ta raba su, kuma ba a ɗaukar hoton gawa. Ki rantse mini."

"Wallahi, Inna, ba zan danna ba."

Moto ɗaya suka hau ita da Chantal, Kausar a tsakiya bayan mai tuƙi, kyamarar a matse cikin hijabi kamar kayan sata. Benen yana bakin gari, ginin bulo ne da ba a shafe ba, ƙasansa cike da buhunan albasa, warin har cikin ido. Matakalar ba ta da makari.

"Bi ta jikin bango," in ji Chantal tana haki. "Mai ginin nan ya tafi Duwala ya manta ya bar mana matakala tsirara. In kika faɗo, uwarki za ta yi ni kilishi."

A sama ba komai sai ƙarafan gini a tsaitsaye da rana. Ranar Garoua ce ta gab da damina, wadda ke sa siminti ya ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Chantal ta nuna da haɓa. Bayan wani kwari da gonakin da aka girbe, can nesa, akwai katanga da bishiyoyin darbejiya. Daga nan mutanen da ke tsaye a bakin sabon rami ba su fi ƙwayar gero ba.

"Mu mutanen dutse," in ji Chantal, "uwa ce ke zama a bakin kabari ta yi kuka har muryarta ta ƙare, ba mai ce mata tashi. Ku kuwa..." Ta dafe bakinta. "Pardon. Bakin kasuwa ne, ba ya jin birki."

Kausar ta kunna. Kyamarar ta zuro hanci da 'yar ƙararta. Amma da ta duba allon ba ta ga komai ba sai fuskarta, don rana ta cinye hasken.

"Mama, ba na gani."

Chantal ta cire mayafinta ta yi musu rumfa a kai, ta riƙe gefe da gefe. A cikin inuwar allon ya dawo. Kausar ta murɗa makamar. Gonaki suka taho da gudu, kwarin ya wuce, katanga ta cika allon, sai komai ya hau rawa, sama da ƙasa suna musanya wuri. Hannunta ne ke karkarwa, kuma duk abin da hannu ya yi kaɗan, can nesa ya zama girgizar ƙasa.

Sai ta ji muryar yayanta kamar a kan gada. Manna gwiwar hannu a haƙarƙari, malama mai littafi. Ja numfashi ki riƙe rabi. Kyamarar tana da abin da ke kwantar da rawar hannu a cikinta, amma ba ta san maganin tsoro ba.

Ta durƙusa, ta ɗora gwiwoyin hannunta a kan bulon da ke bakin rufin. Hoton ya lafa, yana ɗan lilo a hankali kamar kwale-kwale a ɗaure.

Sai wata matsalar. Akwai ɗan akwati a tsakiyar allon wanda ke zaɓar abin da zai fito tas, kuma ya je ya kama reshen darbejiya. Ganyen ya fito har ana ganin jijiyarsa, mutanen da ke bayansa suka zama hazo. Ta san maganin wannan. Rabi ki danna ta duba, duka ki danna ta ɗauka, haka ya koya mata. Yatsanta ya je kan maɓallin ɗaukar hoto ya tsaya. Rabin dannawa, dannawa ce ko ba dannawa ba? Da wannan hannun mai rawa, wa ya san inda rabi ya ƙare? Ta ce wallahi. Ta janye yatsan, ta naɗe shi a bayan kyamarar don kar ya koma da kansa, ta riƙa gusar da ita kaɗan-kaɗan har reshen ya fita, kyamarar ta laluba ta laluba, ta kama bakin ramin.

"Sun zo?" in ji Chantal.

"Ga su nan."

Makarar ta shigo ta ƙofar katanga a kafaɗun maza, suna sauri, wannan ya karɓa wancan ya saki. An lulluɓe ta da tabarma, amma farin likkafani ya leƙo ta wajen ƙafa. Kausar ta kafa masa ido. Ƙafafun nan ne da ke tsallake matakala biyu-biyu. Ta ƙifta ido da ƙarfi, don in hawaye ya zo shi ke nan.

Ta ga Kawu Muhaimin da jar hularsa. Ta ga liman. Ta ga mahauta abokan Alhaji, wasu ko kayan aiki ba su canza ba. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don in ta yi sauri sai ta ɓata.

"Kin gan shi?"

"A'a."

"Duba baya. Irin su baya suke tsayawa."

"Ba ya nan, Mama."

Aka ajiye makarar a gefen ramin. Wasu suna kwaɓa ƙasa da ruwa, wasu suna jera itacen da za a rufe da shi. Gumi yana bin bayan Kausar, siminti yana cin gwiwarta. Hannun Chantal da ke riƙe da mayafi ya soma saukowa, ta sake ɗagawa tana addu'a ƙasa-ƙasa da yarensu na dutse.

Sai wasu daga cikin mazan suka waiwaya wajen ƙofa. Kausar ta bi idonsu. Moto ya tsaya, wani ya sauko, doguwar riga ruwan toka, hula a danne har kunne, hannaye biyu a baya. Ba sai ta ga fuska ba. Tafiyar ta isa.

"Ya zo," ta ce, muryarta ta karye. "Mama, Baba ya zo."

"Merci Seigneur, an gode Allah. To riƙe da kyau, kar ki sake shi."

Alhaji bai shiga cikin mutane ba. Ya tsaya a ƙarƙashin darbejiya, bayan kowa, kamar wanda ya biyo hanya ya tarar ana jana'izar baƙo. Mazan da za su ɗauki gawar suka sunkuya, Kawu ya ɗaga musu hannu su dakata. Ya taka har wurin Alhaji, ya kama masa hannun riga, yana magana. Kausar tana ganin leɓen kawunta yana motsi, tana ganin gumi a goshinsa, kamar ta miƙa hannu ta share masa. Amma ba ta jin komai sai kukan kurciya a kan ƙarfen ginin da numfashin Chantal.

Alhaji bai motsa ba. Liman ya sunkuyar da kai. Gawa tana kwance a rana tana jira.

Kausar ta ja numfashi ta riƙe rabi. Ta samu daidai wurin, Alhaji a gefen hagu na allon, makara a gefen dama, ramin a tsakiya, kuma ta ƙudura ko ƙuda ya sauka a idonta ba za ta motsa ba. Ba ta taɓa makamar zum ba, ba ta taɓa komai ba. Kawu yana ta magana. Ya nuna makarar, ya nuna sama, ya dafa ƙirjinsa.

Hannayen Alhaji suka fito daga baya.

Allon ya ɗan dushe. Ta ɗauka gumi ne ya shiga idonta. Alhaji ya ɗaga ƙafa.

Sai 'yar ƙarar nan, kyamarar ta janye hancinta, gaɓa bayan gaɓa, ta rufe ido. Allon ya yi baƙi.

"Me ya faru? Kausar! Batir ne?"

Ba batir ba ne. A take ta tuna. Taufiƙ ya saita ta ta riƙa yin barci da wuri in ba a taɓa ta ba, saboda a daji ba wurin caji. Shi ya sa in yana jiran dabba ta fito, yatsansa kullum yana kan maɓallin, yana ɗan danna rabi yana saki, kamar mai jijjiga jariri. Ta sha ganinsa yana yi. Ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Ta lalubi maɓallin kunnawa da jiƙaƙƙen yatsa, ya zame, ta sake. Kyamarar ta farka ba gaggawa, ta zuro hanci, ta nuna mata duniya gaba ɗaya: sararin sama, duwatsun bayan gari, gonaki, wani mai keke a hanya. Ta murɗa makamar har ƙarshe. Ga akuya tana cin kara. Ta gusa, ga sama fari fat. Ta sauko, ga katanga, amma ba wurin ba ne.

"Hagu! A'a, dama! Wajen bishiyar!"

"Bishiyoyin da yawa, Mama!"

Da ta same su, bayan maza kawai ta gani. Sun yi zobe a bakin ramin, kafaɗa da kafaɗa, riguna farare da shuɗaye da ruwan toka. Makarar tana gefe, ba kowa a kanta. Ana miƙa itace hannu zuwa hannu, ana miƙa kwaɓaɓɓiyar ƙasa. An riga an saka shi.

A saman allon akwai sandar da ke nuna nisan zum, da wani ɗan layi kusa da ƙarshenta. Kar ki wuce layin nan, Taufiƙ ya ce mata, bayansa ba gani take ba, canka take yi. Ta wuce. Mutanen suka ƙara girma, suka narke. Huluna suka zama dunƙule, hannaye suka zama kamar an shafa laka a bango da tsumma. Zafin da ke tashi daga ƙasa ya sa komai yana kawalwalniya. Ta dawo bayan layin.

Da zoben ya buɗe, Alhaji yana cikinsa, a wajen kan kabarin. Amma kowa ma yanzu yana cikinsa. Hannayensa suna gefe, ba ta iya ganin ko da ƙasa a jikinsu. Aka tsuguna aka yi addu'a, aka shafa. Mutane suka soma watsewa. Alhaji ya miƙe, ya juyo, ya ɗaga kai ya dubi benen sosai, ya daɗe. A allon idonsa yana cikin nata.

Kausar ta zube bayan bulon, ta rungume kyamarar.

Chantal ta yafa mayafinta, ta zauna kusa da ita a kan simintin mai zafi.

"Ki ce mata ya sa. Ya zo, ya matsa, ya ɗaga ƙafa. Sauran me? Wa zai ƙaryata ki? Ni uwa ce, na san abin da zan so a faɗa mini."

"Don gudun wannan ta aiko ni, Mama."

"To me za ki ce?"

Kausar ta dubi kyamarar da ke hannunta. Ta karanta littattafai da yawa, a ciki duk wanda aka aika yakan dawo da labari, mai daɗi ko maras daɗi. Ba ta taɓa karanta wanda ya dawo da rabi ba.

Sun riga maza isowa gida. Inna tana nan inda take a cikin mata. Ta ɗago ta dubi Kausar, Kausar ta sunkuyar da kai ta wuce madafa. Ba a jima ba aka ji motsin maza a ƙofar gida, ana shimfiɗa tabarmi a inuwa. Ashe nan za a yi zaman. Sai muryar Alhaji daga zaure.

"A kawo mini ruwa."

Ita ta ɗauki buta. Yana tsugune shi kaɗai a bakin zaure ta ciki, ya nannaɗe hannun riga. Ta durƙusa ta soma zuba masa. Ga hannayen nan a gabanta, kusa fiye da yadda kowace kyamara za ta kawo su, manya, da tabon wuƙa iri-iri. An riga an ɗauraye su tun a maƙabarta. Ƙarƙashin farcensa akwai baƙi, amma farcen mahauci kullum da baƙi yake. Ta duba ta duba, ba ta iya raba jini da ƙasa ba.

"Benen nan da ba a gama ba," in ji shi, bai dube ta ba. "Rana ta bugi gilashi a samansa. Ke ce?"

Ruwa ya kauce ya zuba a ƙafarsa.

"Ni ce, Baba."

"Uwarki ta aike ki."

Ba tambaya ba ce, don haka ta ci gaba da zuba masa ruwa.

"Kin ɗauka?"

"Wallahi ban danna ba, Baba. Ko rabi ban danna ba."

"Amma kin gani."

"Na ga zuwanka. Na ga Kawu ya riƙe maka hannun riga. Na ga ka ɗaga ƙafa." Hawayen da ta riƙe tun kan bene suka ɓalle. "Sai ta rufe ido. In ba a taɓa ta ba barci take yi, ni kuma na yi rantsuwa. Da ta buɗe har an saka shi."

Ruwan butar ya ƙare. Alhaji bai janye hannayensa ba, ya bar su a miƙe suna ɗiga. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu mai tsawo, ya rufe. Can ya ce, a hankali har sai da ta matso:

"Da ma kin ɗauka."

Daga waje wani ya ɗaga murya, "Alhaji, ga mutanen Bibémi sun iso." Ya miƙe, ya saukar da hannun riga, ya danna hularsa har kunne, ya fita.

Inna ta sake tashi ɗauko tabarma. A ɗaki Kausar ta faɗa mata komai, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, tun daga reshen darbejiya har ruwan buta. Inna ta saurara ba ta katse ta ba.

"Haka ya ce? Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Inna."

"Sake faɗa mini."

Ta sake faɗa.

Inna ta dubi bango. "Mutumin da bai sa hannu ba, me zai so a ɗauka?"

Kausar ta ji kamar ta ce haka ne. Amma wani tunani ya gifta mata, cewa uba yana iya son ganin ɗansa na ƙarshe ko da ya kasa taɓa shi, kuma ba ta san wanne ne daga ciki ba. Ta bar tunanin a cikinta. Inna ma, da alama, ba amsa take jira ba.

"Ba ni abin nan."

Kausar ta ciro ta daga hijabi. Inna ta juya ta, ta shafa kusurwar da ta ƙuje da babban yatsa.

"Kunna mini."

Ta kunna. Hancin ya fito. Inna ta riƙe ta da hannu biyu a cinyarta, allon yana nuna labulen ƙofa da ƙafafun matan da ke wucewa a tsakar gida. Ba ta taɓa komai ba. Suka zauna haka, uwa da 'ya, ana ta sallama a waje. Allon ya dushe. Kyamarar ta yi 'yar ƙararta, ta janye hanci, ta rufe ido.

"Haka ta yi miki?"

"Haka ta yi, Inna."

Inna ta gyaɗa kai. Ta ƙulle ta a bakin zaninta, ta ɗauki tabarmar, ta ɗaga labule ta koma cikin mata.